Albasar Iri, Kafin a Buɗe Ruwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Shekarar da rana ta yi zazzaɓi da hantsi, gari ya yi duhu har kaji suka nufi akurki mutane suka ruga masallaci, a ranin nan ne muka cire albasar farko a lambun gayya na bakin rafi. Ni abin ya same ni a tsakiyar fangali, kuma ban ruga ko'ina ba, don na riga na tuge albasa na shimfiɗa ta, ga awaki suna leƙe ta kafar shinge. A tsugune na yi salatina har haske ya dawo. Ku da kuka zauna aji sai ku lissafa shekarun. Abin da ni na sani, tun daga wancan lokaci ba a taɓa buɗe ruwa aka tarar da wurina ba a kafce ba. Bana ake nema a fara.

Ni ne Nomau ɗan Bagudu, na unguwar bakin rafi, kan hanyar Kankiya zuwa Kusada. Ina faɗin wannan magana da cikakken hankalina, ba wanda ya matsa mani, ba kuma zafin ciwo ke magana ba. Na san yau Laraba, na san sunan kowane jika nawa da na uwarsa. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya gajarta, likitan Kankiya ya ce zuciya ce ta gaji. A kan zuciya na yarda da shi, amma kaina lafiya lau. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka Malam Ma'aruf na Islamiyya ke riƙe da alƙalami. Na ce mashi ya rubuta ta yadda ta fito, kada ya wanke mani ita. In kun ji wuri ya yi kaushi, bakina ne, ba hannunsa ba.

Maganar taku ce ku uku: Labaran babba, da Haulatu da ke aure a Dudunni, da Kabir auta. Malam ya ce irin wannan takarda ajiye ta ake yi sai mai ita ya kwanta dama. Na ce a'a, yau za a karanta ta bayan magariba, a ƙofar gida, kowa na ji. Haulatu ta zo duba ni, tana nan, ba sai an aika ba. Abin da ke cikin takardar ba ya jiran mutuwata. Ranar Asabar Modibbo, sarkin lambu, zai buɗe ruwa.

Na ɗaya. Gida, da gonar hanyar Kunduru, da shanun huɗa, da abin da ke rumbun hatsi, a nan ba ni da ta cewa. Allah Ya riga Ya raba, malamai su zo su auna wa kowa nasa. Abu guda nake roƙo: rabon Haulatu a ba ta shi ƙasa, ta taka iyakarta da ƙafarta, a kafa dutse. Kada a ce mata ta bari ana noma mata. Na ga inda irin wannan noman ke ƙarewa a gidaje da yawa. Kuɗi kuwa ba na bin kowa, ba a bina.

Na biyu. Lambu ba ya cikin gado, kada wani ya sa shi a lissafi. Wurin na gari ne. Fadama ce da ba mai so, sai ƙaya da sauro, Maigari ya ba mu muka taru muka sare, muka haƙa babbar hanyar ruwa da hannu. Kowace shekara in damina ta ɗauke a datse rafi, ruwa ya taru ya kwanta, sannan a sa rana a buɗe shi ya bi hanya ya ratsa wurin kowa. Tun farko muka yi ƙa'ida. Wanda aka buɗe ruwa wurinsa ba a kafce ba, ya fita, a ba na bayansa cikin masu jira. Ba a kaftu da ɗan ƙodago, sai hannun gida. Gayya kuma sai ga marar lafiyan da ba shi da ɗa namiji a gari. Mun yi haka don kada masu hali na cikin Kankiya su zo su riƙe wuri da suna, su turo leburori, mu da muka sare ƙayar mu koma masu kallo. Ni na fi kowa ɗaga murya ranar nan. Da ƙa'idar ta faɗa kan ɗan kawuna, shekarar da ya tafi cirani ya makara, ni na raka wanda aka ba wurin na nuna mashi iyaka. Ya daɗe bai amsa sallamata ba. Ko yau aka sake, haka zan yi.

Ran Litinin Modibbo ya zo nan. Ya zauna ya gaida ƙafa, ya gaida ƙafa kuma, ya tambayi shanu, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, kun dai san Bafillace in zai faɗi magana sai ya kewaya garke tukuna. Can ya ce wai ya ga kamar ruwan bai gama kwanciya ba, ko a ƙara mako. Na san don ni yake yi. Ruwan nan ya kwanta tun tuni, masu zuwa wanki sun faɗa mani, ga dashen mutane ya yi tsawo a wurin reno yana neman tsufa. Na ce mashi, "Modibbo, ranar da aka sa ita za ka buɗe. In ka tarar da wurina ba a kafce ba, ka ba na gaba." Ya ce taurin kaina sai ya riga ni shiga kabari ya share mani wuri. Na ce to ya yi, aiki ya ragu. Kada ɗayanku ya je ya roƙe shi a bayan idona. In kun yi, ban yafe wannan ba.

Na uku, kuma ita ce maganar. Ba fangalin nake ji ba, ƙasa ce, wani ya noma ta ya ci Allah Ya amfana. Abin da ke rumbun bayan ɗaki nake ji.

Albasar nan ta girmi lambun, ta girme ku duka. Shekarar da aka sake kuɗi aka bar fam da sule, fari ya biyo baya, mutanen arewa suka yi ta gangarowa. Cikinsu akwai kakanku na wajen uwa, daga wajen Maraɗi, da jaki guda da 'yarsa. Ya sauka a zauren babana. Abinci babu a kayansa, amma akwai 'yar gora da ya toshe da tsumma, ba ya bari ko yaro ya taɓa. Irin albasa ne. Da ya ba ni mahaifiyarku ya haɗa mani da rabin abin da ke gorar, ni kuwa har ta rasu ina ce mata Bagobira ce da aka ba ni gyara a kan albasa. Ita kuma ta ce Bakatsine ne kawai za a ba iri ya tsaya yana tambayar ta ina ake sa shi a ƙasa. Allah Ya jiƙanta. Hannunta ya fi nawa a kan albasar nan, ban taɓa faɗa mata ba, ba kuma don ban sani ba.

Albasar kuwa kun san ta: ja mai duhu, ba ta cika girma ba, wuyanta siriri, in an yanka ta a tsakar gida na zaure sai ya share ido. Abin da ya sa ake riƙonta shi ne jimiri. A cire ta da rani, ta kwana a rumbu damina ta zo ta wuce, a fiddo ta da kaka tana nan da ƙarfinta. Irin gwangwani da ake sayowa yanzu, Labaran, ban ce ba shi da kyau ba. Yana girma, yana cika buhu, yana da kyan gani a kasuwa. Amma ruwa ne cikinsa, hadarin fari in ya taso ya fara wari, dole ka rabu da shi lokacin da kowa ke rabuwa da nasa. Kuma ba ya haifar kansa yadda yake, kowace shekara sai ka koma shago. Ranar da mai shago bai kawo ba, ko ya kawo wanda ya mutu a gwangwani, me za a shuka? An taɓa yi, kana nan.

Da aka kafa lambu sai aka ɗora mani riƙon iri. Duk wanda ya cire albasa ya zaɓo kawuna mafi kyau ya kawo rumbuna. In kaka ta yi na dasa su su yi fure, da rani na sussuke, kowa ya zo da ƙwaryarsa na auna mashi da ludayi. Haka muke yi, ba a taɓa saye ba, ba a taɓa sayarwa ba.

Bana abu biyu suka haɗu. Furen ya nuna saura a yanke, ruwan fari ya zo da ƙanƙara da azahar ya kakkaɓe shi ƙasa ƙaf. Ko cikin ludayi ban tsira da shi ba. Wannan daga Allah ne, ba laifin kowa. Shi ya sa duk wanda ya yi reno bana irin gwangwani ya zuba. Na aika Kunduru, na aika Fakuwa, na sa Haulatu ta bi gidajen Dudunni da muka taɓa ba, kowa ya cinye tasa ko ya gauraya ta da wata. Ya zama dai abin da ke rumbuna shi kaɗai ya rage. Sannan damina ta yi tsakiya aka kwantar da ni asibiti, abin da ya faru da rumbun ya faru. Abin da na tsince mai rai bai cika kwando biyu ba.

Yanzu ma na tashi na je na duba, Malam yana ta cewa in zauna. Ta fara tofo. Koren ya leƙo a wuyan fiye da rabi, wasu sun fara laushi a gindi. Albasa in ta yi haka ƙasa take nema, ba ta san ana rigima a gida ba. In ta wuce wannan kaka ba ta shiga ƙasa ba, shi ke nan, babu wani wuri da za a je a ce a sammana.

Na huɗu. Rigimarku, Labaran, kai da ƙanenka. Tun tsakiyar damina ba ku haɗa kwano ba. In wannan ya shigo ta zaure wancan ya fita ta ƙofar garke, matanku sun koma aika yara da saƙo tsakanin ɗaki da ɗaki. Kowa ya rantse ba zai taka lambu ba in ɗayan zai taka. To ga lambun can, ciyawa har gwiwa.

Bari in faɗi yadda abin yake, tunda kowa nasa rabin yake faɗi. Kabir, ka ga jinkar rumbu na yoyo, ka ji tsoro, ka je ka samo tamfol ka naɗe rumbun tun daga kai har gindi ka ɗaure da igiya. Da hatsi ne da ka kyauta. Albasa numfashi take yi. Ka toshe mata iska ta yi gumi, ta dafe a ciki. Da ka tambayi kowace tsohuwa a unguwar nan da ta faɗa maka, amma ba ka tambaya, tun kana yaro haka kake, sai ka gama ka zo a yaba. Wannan kuskure ne, na wanda ya damu.

Kai kuma Labaran, tun kafin in kwanta na ce maka a baibaye rumbun nan, ciyawar ma na tanada tana jingine a bayan garke. Ka ce to. Ka sake cewa to. Ciyawar nan shanu suka cinye ta. Da aka buɗe rumbu wari ya tashi, ba ka ja ƙanenka gefe ba, sai da ka bari an fito masallaci ka ce ga wanda ya kashe irin Baba. Shi kuma ya ce ai kai ka so ta mutu don a koma gwangwani. Duk na ji, gadon asibiti ba ya hana jin magana. Kowannenku ya faɗi abin da ke da gaskiya a ciki, a wurin da bai kamata ba.

Ba zan ce wane ya fara ba wa wane haƙuri ba. Na gwada wannan da ƙaramar murya, na gwada da babba, na sa liman ya gwada. Ni yanzu ba haƙurin nake nema ba. Kaftu nake nema. Mutum biyu suna iya kafce wurin nan kafin Asabar ko ba su ce wa juna uffan ba, ɗaya ya faro daga gabas ɗaya daga yamma. Mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙasar ta yi tauri, na san wurina. In kun haɗu a tsakiya ku ga abin da za ku yi da bakinku.

Na biyar. Yadda za a raba wurin bana, don kada wannan ma ya zama abin magana.

Fangalan da ke kan ruwa, wajen gindin zogale, na albasar iri ne, kada a sa komai a ciki ko a gefe. A nan ruwa ke fara shiga, a nan kuma ƙasa ta fi sauƙi, ba ta riƙe ruwa ta ruɓar da gindi. Taki wanda ya kwana biyu za a sa, na bayan garke da ya yi baƙi, ba ɗanye ba. A kafa zana ta gabas tun yanzu, kada a jira sai karan fure ya tashi iska ta kwantar da shi.

Na tsakiya, Labaran, naka ne. Ka zuba albasarka ta gwangwani, ban hana ba. Sharaɗi guda: duk wadda ta fiddo karan fure a cikinta ka karye shi ranar da ka gani. Ƙudan zuma ba ruwansu da wane fangali na wane, in sun sauka a taka suka sauka a tamu, iri ya gauraye, badi a sami abin da ba wannan ba ba wancan ba. Ka faɗa wa maƙwabta su ma su karye nasu, in sun yi gardama ka ce ni na ce.

Tumatir kada a maimaita shi inda ya zauna bara, ƙasar wurin ta gaji da shi, kun ga yadda ya yi ta bushewa a tsaye. A kai shi kudu, attarugu da tattasai su dawo wurinsa. Kabir, wannan ɓangaren naka ne, ka fi wanka haƙurin tsinka. Karas a gefen yashi. Latas da kabeji kusa da hanya inda ido ke kansu, don su ake fara sata, su kuma tsutsa ke fara ci. Kada a dasa latas gaba ɗaya rana guda, a rarraba, in ba haka ba ya nuna tare ku rasa yadda za ku yi da shi.

Fangalin ƙarshe na miya ne, kamar yadda mahaifiyarku ta bar shi: alayyafo, yakuwa, lansir, kuɓewa kaɗan. Na matan gida ne su biyu, ba a sayar da ko ganye. Wadda ta riga zuwa ta tsinko wa 'yar'uwarta. Haulatu in ta zo ta cika kwando ba sai ta tambayi kowa ba.

Na manta, hanyar ruwan da ta bi ta yammacin wurinmu ta zube a wuri guda, inda ɓera ya yi rami. A gyara ta kafin Asabar, don in ta ɓalle a nan na ƙasa da mu ba za su ga ruwa ba. Malam, sa wannan a inda ya dace. A'a, bar shi nan.

Na shida. Na ce ba a bina kuɗi, amma ana bina iri. Duk gidan da ya kawo kan albasa rumbuna da ranin da ya wuce yana da ludayi a wuyana. Ba a rubuce suke ba, Haulatu ta san su, tana nan ranar da aka kawo. In Allah Ya sa an sussuka ba na nan, a fara auna masu kafin a auna na gida, ko da abin ya zo kaɗan. Wanda albasarsa ta ruɓe a hannunmu bai yi laifin komai ba.

A fara da Nwamaka, wadda kuke kira Maman Chichi, mai shagon bakin tasha. Mijinta ya rasu a garin nan, danginsa suka zo daga kudu su tafi da ita ta ce ta zauna. Da ta nemi wuri a lambu akwai waɗanda suka yi gunaguni, na ce ta yi jira a layi kamar kowa, layi ya zo kanta. Wurinta can ƙarshen ruwa yake, ƙasar da kanwa-kanwa, ganyen ugu, na miyarsu ta kudu, shi kaɗai ke jin daɗinsa. Shekara da shekaru tana zuwa ta tsuguna kusa da mahaifiyarku lokacin dashen iri, suna aiki suna faɗa a kan wadda ta fi iya miya. Da ta ji abin da ya sami rumbu, sai ga ta da 'yan kawuna a ƙullin zane, waɗanda ta rataye a shago don girkinta. Ta ajiye a gabana ta ce, "Baba Nomau, wannan na Mama ne, ba na miya ba ne." Su ne mafi lafiya a cikin kwandon yanzu. Ta ce in kawo a dasa a wurinta in ku kun ƙi. Na yi godiya, amma ƙasarta ba za ta riƙe albasar iri ba, ita ma ta sani. In ba na nan kuka rasa yadda ake wani abu, ita za ku tambaya, hannun mahaifiyarku ne a wurinta. In ta zo gidan nan a shimfiɗa mata tabarma, kada a tsaida ta a zaure.

Na bakwai. In ta Allah ta kasance, kada a jira kowa, a kai ni da wuri. Kada a yanka abin da gida ba zai iya ba don masu zaman makoki. Kuma ko ranar da aka kai ni, in ranar ruwanmu ce, ɗaya ya zame daga kan tabarma ya je ya ba fangali ruwa. Wanda ya yi magana ku ce wasiyya ce. Albasa mai fure in ta sha ƙishi sau ɗaya irin ba ya cika.

Na so in bar wa kowa wani abu na hannu, Malam ya ce ba a yi wa magaji wasiyya. Mun ɗan ja, ya fi ni sani, na sakar mashi. To na bayar tun ina raye, shi ne shaida. Garmata ta Labaran ce. Fartanyar da maƙerin Kusada ya yi mani, mai ƙotar kanya, ta Kabir ce. Gorar kakanku da ludayin awo na Haulatu ne, ta tafi da su Dudunni. Duk ranar rabon iri sai an je an ɗauko ta, ita za ta auna. Na yi haka da gangan. Ku biyu ba wanda zai ce ɗan'uwansa ya danne ludayi, kuma dole a riƙa zuwa gidanta.

Na nawa muke? To, na takwas, ita ce ta ƙarshe. Yadda ake dasa ta, don ban taɓa barin ɗayanku ya yi ba, kullum kuna kan ruwa ni ina kan wuƙa. Ba a binne kan albasa yadda yake. Ana yanke saman, kamar kashi ɗaya cikin uku, da wuƙa mai kaifi, yanka guda ba a komawa. A shafa toka a fuskar yankan, a jera a inuwa ta sha iska yini guda. Abin da aka yanke na miya ne. Gindin shi ake dasawa, fuska sama, ƙasa ta ɗan rufe shi, tsakanin wannan da wancan kamar taƙi guda. Kowane gindi zai fiddo kara da yawa maimakon guda, shi ya sa kwando biyu ke iya cika gora. Amma ku ji wannan da kyau: wadda aka yanka ba ta komawa rumbu. Washegari in ba ta shiga ƙasa mai laima ba ta bushe, ko ta ruɓe, ba ta uku.

Allah Ya yi maku albarka, ku da matanku da mijin Haulatu da abin da kuka haifa. Na yafe maku abin da na sani da wanda ban sani ba, ban da wanda na ce ban yafe ba in an yi shi. Ku ma ku yafe mani, na san zama da ni ba sauƙi. Kada a raba gidan nan da katanga ina kabari. Kada 'ya'yanku su tashi suna tambaya ko an yarda su ci a ɗakin wane. Labaran, kai ne uba bayana, uba kuwa a ɗaki yake faɗa. Kabir, ka riƙa tambaya. Haulatu, ki riƙa zuwa ko ba a kira ki ba, in kin ga sun fara ki faɗa masu abin da uwarku za ta faɗa. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da ita a inda babu rabuwa.

Gobe Alhamis in Allah Ya kai mu, da an sallame asuba zan sa a ɗora ni a amalanken maƙwabci, da kwanduna biyun nan, da wuƙa, da ƙwaryar toka. Likita ya ce kada in taka laima, ba zan taka ba, a gindin zogale zan zauna. Kaftu ya fi ƙarfina, ko fartanya ba na iya ɗagawa, amma hannuna na iya wuƙa. Zan yanke su duka, har na Maman Chichi, ba zan rage ko ɗaya don wataƙila ba. Jibi Juma'a da safe za su nemi ƙasa. Ban da ku biyu ba wanda ƙa'ida ta yarda ya kafta masu ita, ni kuma ba zan sake kiran kowa ba. Wanda ya zo ya taho da tulun da za a ɗebo ruwan rafi a jiƙa fangali, ya taho mani da hula mai faɗi, don zan daɗe a wurin.